Wai Babbar Kotun Tarayya ta fi ta jiha ƙarfi ne? Fashin baƙi kan hurumi

Ƙarshen watan Mayun 2024, lokacin da rigimar sarautar Kano ta yi zafi, ina zaune a majalisarmu bayan isha'i sai musu ya kaure. Oda ta fito daga kotun Gyaɗi-Gyaɗi ta ce abu kaza, wata odar ta fito daga sakatariyar Audu Bako ta ce akasin haka, kowa ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi yana karantowa daga waya. Can sai wani dattijo mai sayar da taya ya daki benci ya ce "ku dai ba ku san komai ba, ai magana ta ƙare, in tarayya ta yi magana jiha sai ta yi shiru, kamar gwamna ne da shugaban ƙasa." Aka yi tsit, har waɗanda maganar ba ta yi wa daɗi ba suka kasa ja, saboda a kunne maganar ta zauna daram.

To amma ba haka abin yake ba, kuma wannan kuskuren na ga har masu digiri suna yin sa. Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jiha tsara ne, matakinsu ɗaya a tsani. Babu wadda take ɗaukaka ƙara zuwa wajen ɗayar, babu wadda za ta iya soke hukuncin 'yar uwarta. In ka faɗi a kowacce daga cikinsu wuri ɗaya za ka nufa, Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan sai Kotun Ƙoli. Abin da ya raba su shi ne kalmar nan da lauyoyi ba sa gajiya da faɗa, wato hurumi, ma'ana wace irin magana ce doka ta ba wa wannan kotun izinin saurara. Kuma kar a haɗa ta da Babbar Kotun Birnin Tarayya, ita wannan daban take, kamar kotun jiha ce amma ta Abuja, 'yan jarida ma kansu wani lokacin sai su cakuɗa sunayen biyu a labari ɗaya.

In ka bi tarihin wannan kotu tun daga haihuwarta za ka ga kusan duk rigimar hurumi ce. A 1973 aka kafa ta, zamanin Janar Yakubu Gowon, da dokar soja mai lamba 13, kuma sunanta na yanka ma ba wannan ba ne, Kotun Kuɗin Shiga ta Tarayya ake ce mata. An gama yaƙin basasa, kuɗin fetur sun fara shigowa, gwamnatin tarayya tana ganin shari'o'in haraji da kwastan da kamfanoni suna kwana suna tashi a kotunan jihohi, a layi ɗaya da rigimar fili da ta bashi, sai ta ce bari in yi tawa kotun da za ta riƙa gama min waɗannan da sauri. Da shugaba ɗaya da alƙalai huɗu ta fara, a Legas, kuma Mai shari'a S. O. Lambo ne shugabanta na farko. Ƙaramar kotu ce ta musamman, ba wanda ya yi zaton wata rana a gabanta za a riƙa gurfanar da tsofaffin gwamnoni da 'yan Boko Haram.

Ba ta ma gama shan ruwa ba aka fara jan ta. A wannan shekarar ta 1973 aka kai maganar kamfanin Jammal da bankin ACB gaban Kotun Ƙoli, tambayar ita ce shin duk abin da ya shafi banki na sabuwar kotun ne? Kotun Ƙoli ta ce a'a, rigimar mutum da bankinsa a kan ajiya ko bashi ta kotun jiha ce, sai in abin ya taɓo kuɗin gwamnatin tarayya. Kundin tsarin mulkin 1979 ya zo ya canza mata suna zuwa Babbar Kotun Tarayya, sunan ya yi girma amma rigar ba ta ƙaru ba, don shi wannan kundin dai ya ba wa kotunan jihohi hurumi mara iyaka, saboda haka a 1983 a shari'ar Bronik Motors da bankin Wema aka sake taka mata burki, a 1987 kuma a shari'ar bankin Savannah aka ce hatta maganar jiragen ruwa da take ganin nata ne ita kaɗai, kotun jiha ma tana iya saurara.

Sojoji ne suka ɗinka mata babbar riga. Babangida ya fara a 1991, sannan a ƙarshen 1993 Abacha yana hawa aka fito da doka mai lamba 107 wadda ta jero abubuwa rututu ta ce waɗannan Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai za ta taɓa su, har da duk wata ƙara da ke ƙalubalantar matakin gwamnatin tarayya ko hukumominta. Ni a ganina ba don Allah aka yi wannan ba, mai mulki da bindiga ya fi son duk wanda zai kai shi ƙara ya biyo ta ƙofa ɗaya wadda idonsa ke kai, maimakon kotuna barkatai a jihohi talatin. Da aka zo rubuta kundin 1999 sai aka kwashe jerin nan kusan yadda yake aka zuba a sashe na 251, shi muke amfani da shi har yau.

Me ke cikin jerin? Kuɗin shigar tarayya da harajin kamfanoni, kwastan da fasa-ƙwauri, harkar Babban Banki da canjin kuɗi, dokar kamfanoni, jiragen ruwa har da zirga-zirga a kogin Neja da Binuwai, jiragen sama, fasfo da biza da zama ɗan ƙasa da miƙa mai laifi ga wata ƙasa, karayar arziki, makamai da abubuwan fashewa, ƙwayoyi da guba, ma'adinai da fetur da gas. Akwai haƙƙin mallaka, shi ya sa in furodusan Kannywood ya ce an sace masa fim ko mawaƙi ya ce an kwafe masa waƙa, nan ne gidan shari'ar, haka mai kamfanin da aka kwaikwayi tambarin kayansa. Har ma'auni da sikeli suna ciki, abin da ya ba ni dariya ranar da na fara gani, wato a ƙa'ida dai maganar awo ta haɗa layi da maganar rijiyar mai. Sai cin amanar ƙasa a ɓangaren laifuka. Majalisa kuma tana da ikon ƙara mata wasu, ta kuma ƙara, ta'addanci da halatta kuɗin haram duk ta wannan hanyar suka shigo, shi ya sa kullum za ka ga motocin EFCC da NDLEA a harabarta.

Abin da ba ya cikin jerin shi ne ainihin rayuwar talaka. Fili, gado, aure da saki, bashin kasuwa, haya, kisan kai da fashi na yau da kullum, sarauta. Waɗannan na kotun jiha ne da majistare da kotunan shari'ar Musulunci. Rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki kuma tun gyaran kundin da aka yi a 2010 ta koma Kotun Ma'aikata.

In ka karanta haka sai ka ce ai abin a fili yake, ina wahalar? Wahalar tana wajen da abu ɗaya yake da ƙafa biyu, ɗaya a nan ɗaya a can. Ga misalai biyu da duk ɗalibin lauya ya haddace. Wasu ma'aikatan NEPA da aka kora bayan yajin aiki sun kai ƙara Babbar Kotun Jihar Neja, suka ci, aka ɗaukaka suka sake ci, da aka je Kotun Ƙoli a 2002 sai aka ce ai NEPA hukumar tarayya ce, tun farko kotun jiha ba ta da hurumi, duk abin da aka yi ya tashi a banza. Wannan ita ce shari'ar Edegbero. Lauyoyi suka ɗauki darasi, suka ce shi ke nan duk inda ka ga hukumar tarayya ka ruga kotun tarayya. Shekara uku bayan nan, 2005, sai ga shari'ar Onuorah, wani ɗan kasuwa da ya yi cinikin gwangwanaye da matatar mai ta Kaduna aka saɓa a kan farashi, shi kuma ya kai ƙararsa kotun tarayya tunda matatar ta gwamnatin tarayya ce, Kotun Ƙoli ta ce masa malam ai wannan ciniki ne kawai tsakanin mai saye da mai sayarwa, babu shi a sashe na 251, kotun jiha ya kamata ka je. Wancan ya je jiha an ce masa tarayya, wannan ya je tarayya an ce masa jiha. Daga baya dai inda aka fi karkata shi ne a duba abu biyu tare, wa ake ƙara, kuma a kan me ake ƙarar.

Na ga irin wannan da idona a kan wani ɗan uwana da ya yi wa wata hukumar tarayya kwangilar kujeru da tebura aka riƙe masa ragowar kuɗinsa. Ya sayar da fulotinsa ya ɗauki lauya, lauyan ya shigar a kotun tarayya. Na raka shi zama biyu. Ka zo tun takwas da rabi, ka duba takardar da aka liƙa a jikin allo ka ga kai ne na goma sha bakwai, lauyoyi sun cika kujerun gaba da baƙaƙen riguna da hular gashin nan suna ta fifita da fayil, manyan lauyoyi masu SAN a fara kiran nasu ko da sun zo a makare, mai shari'a yana rubuta komai da hannunsa saboda haka lauya sai ya yi magana ya dakata biro ya kamo shi. Da aka kira tasu ko minti biyar ba a yi ba, lauyan hukumar ya miƙe ya ce suna da suka a kan hurumi, aka ɗage. Ɗan uwan nawa ya juyo ya ce min "me ya ce?" don duk da Turanci ake yi. Kusan shekara biyu ana kan wannan sukar kaɗai, ba a taɓa tambayarsa kujera nawa ya kai ba.

Dalilin da ya sa lauyoyi ke son wannan makamin shi ne a shari'ar Najeriya hurumi kamar alwala yake ga sallah, in babu shi duk tsawon ƙira'ar da ka yi sai ka sake. Ana iya tayar da maganar a kowane mataki, ko da an kai Kotun Ƙoli, ko da shekara goma sha biyar aka yi ana tafkawa. Dokar kotun ta ɗan kawo sauƙi a sashe na 22, ta ce in alƙalin tarayya ya ga ƙara ba tasa ba ce ya tura ta kotun da ta dace maimakon ya kore ta, to amma shekarun da suka tafi fa ba mai dawo maka da su.

Yanzu mu dawo kan sarauta, inda na faro. Akwai wata ƙaramar ƙofa da ake bi a shigo da abin da ba na kotun tarayya ba cikin kotun tarayya, ita ce ƙofar haƙƙin ɗan Adam, don sashe na 46 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka tauye wa haƙƙi ya je babbar kotu a jiharsa, kuma wannan ya haɗa da ta tarayya. Wannan dabarar ba sabuwa ba ce. A 1986 gwamnan soja na tsohuwar jihar Gongola, Yohanna Madaki, ya tuɓe Sarkin Muri Alhaji Umaru Abba Tukur, aka kai shi Mubi aka ajiye. Sarkin ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ya ce an tauye masa haƙƙi, ba a ji ta bakinsa ba, an kuma tsare shi. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1989 ta yanke cewa gundarin rigimar nan sarauta ce, maganar haƙƙi reshe ce, kuma kotun da ba ta da iko da gindin bishiya ba za ta hau reshe ba, a koma kotun jiha. Wannan hukuncin ya fi shekara talatin yana nan.

Kwatanta da abin da ya faru a Maris 2020 da gwamnatin Ganduje ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi na II aka kai shi Loko sannan Awe a jihar Nasarawa. Lauyoyinsa sun san hukuncin Muri, saboda haka da suka je kotun tarayya a Abuja ba su ce a mayar da shi gadon sarauta ba sam, cewa suka yi 'yan sanda da DSS suna tsare da mutum ba tare da laifi ba. Mai shari'a Anwuli Chikere ta ba da umarnin a sake shi cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2021 kuma ta ce korar da aka yi masa daga Kano ta saɓa wa kundin tsarin mulki har ta sa a biya shi naira miliyan 10. Ka ga nan an tsaya a kan 'yancin mutum, ba a taɓa rawani ba.

A 2024 kuwa rawanin aka taɓo. Majalisar dokokin Kano ta soke dokar masarautu ta 2019 ranar 23 ga Mayu, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, Aminu Babba Ɗan'agundi, ɗaya daga cikin masu sarautar Kano, ya je gaban Mai shari'a Abdullahi Liman na kotun tarayya ya samo umarnin a dakata, Mai shari'a Amina Adamu Aliyu ta kotun jiha ta ba da nata umarnin, wani alƙalin tarayyar, Simon Amobeda, ya ba da na uku, jami'an tsaro suka zaɓi wanda za su bi. Abin ya kai Alƙalin Alƙalai na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su zo su yi bayani. A watan Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayya ba ta da hurumi a maganar sarauta, kusan abin da aka faɗa wa Sarkin Muri ke nan, sannan a watan Maris ta ce kowa ya tsaya inda yake har Kotun Ƙoli ta yi magana. Ko kana ɓangaren gidan Nasarawa, wato Aminu Ado Bayero, ko na Ƙofar Kudu, wato Sanusi, wannan ba shi ne abin da nake tattaunawa ba, abin da nake nunawa shi ne kusan wata takwas aka kwashe kafin a amsa tambayar wa ma ya kamata ya saurari maganar.

Wani abin da mutane ba su gane ba shi ne ita wannan kotu guda ɗaya ce tak a duk ƙasar. Ta Kano da ta Legas da ta Maiduguri rassa ne kawai, hedikwata tana Abuja. Wannan ne ya sa ake iya ɗauko mutum daga wani gari a gurfanar da shi a wani, kamar yaran nan da aka kama a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, aka kai su Abuja aka tuhume su da cin amanar ƙasa ranar 1 ga Nuwamba, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu saboda yunwa, hotunan suka zagaya duniya, kwana kaɗan aka janye tuhumar. Shi ya sa kuma alƙalanta suke iya tashi su je barikin Wawa da ke Kainji su zauna su yi shari'ar ɗaruruwan waɗanda ake zargi da Boko Haram, abin da aka fara a 2017. Kuma shi ne ya buɗe wa 'yan siyasa hanyar yawon neman alƙali, rigimar jam'iyya a jiha kaza sai ka ji odarta ta fito daga wani reshe mai nisan kilomita ɗari bakwai.

Siyasar ma yanzu ta zama babban kaya a kanta, don dokar zaɓe ta 2022 ta ce duk rigimar zaɓen fid da gwani nan za a kawo, kuma kundin tsarin mulki ya ba da kwana 180 a gama. Shari'ar Bashir Machina da Ahmad Lawan a kan kujerar sanatan Yobe ta Arewa daga reshen Damaturu ta taso, Machina ya ci a can a Satumbar 2022, ya ci a ɗaukaka ƙara, ya faɗi a Kotun Ƙoli a Fabrairun 2023 da alƙalai uku a kan biyu, a kan cewa hanyar da ya bi ya shigar da ƙarar ba ita ce daidai ba. Duk lokacin da kakar zaɓe ta zo, mai shari'ar kwangila da mai neman beli sai su ja gefe su jira, tunda su nasu ba shi da wa'adi.

Su wa ke zama a kujerar? Sharaɗin a takarda mai sauƙi ne, ka shekara goma da zama lauya. Hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta tarayya ta tace sunaye ta miƙa wa majalisar ƙoli ta harkokin shari'a ta ƙasa, wato NJC, NJC ta ba wa shugaban ƙasa shawara, shi kuma ya naɗa. Babban Alƙalin kotun ne kaɗai sai Majalisar Dattawa ta amince da shi. Alƙali ɗaya ne ke zama a kan shari'a, shi ne mai sauraro shi ne mai yankewa, babu wasu masu taya shi. Daga mutum biyar a 1973, doka ta kai adadin zuwa 100 a 2013, kuma a Yunin 2023 aka ɗaga shekarun ritaya daga 65 zuwa 70. Alƙali ɗari ga ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari biyu, ga wancan dogon jerin da na lissafo, kai ma ka yi lissafin da kanka.

Cikin waɗanda suka shugabance ta akwai Fred Anyaegbunam, da Mahmud Babatunde Belgore ɗan Ilori wanda ya daɗe a kai, da Rosaline Ukeje mace ta farko a 2001, da Abdullahi Mustapha, da Dan Abutu, da Ibrahim Auta daga 2011 zuwa 2017, da marigayi Adamu Abdu-Kafarati, sai John Tsoho da ya karɓa a 2019. Shi wannan sunan ya ruɗi mutane da yawa a nan, na sha jin ana cewa ai namu ne, alhali mutumin Binuwai ne. Ƙarfin wannan kujerar ba a zaman kotu yake ba, a rabon aiki yake, shi ke tura alƙali reshe kaza, shi ke iya ɗauke fayil daga hannun wannan ya ba wa wancan, kuma duk lauyan da ya kwana biyu a harkar zai gaya maka sanin wanda fayil ɗinka ya faɗa hannunsa rabin sanin makomarka ne.

Hurumin ma bai tsaya a kan kotu kaɗai ba, har kan shi alƙalin yana hawa. EFCC ta gurfanar da tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu tun 2007, aka yi ta jan shari'ar har ta zo hannun Mai shari'a Mohammed Idris a reshen Legas, ana dab da gamawa sai aka yi masa ƙarin girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Don kar a koma farko sai aka ba shi takardar izini ya dawo ya ƙarasa, kamar yadda dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada, a Disambar 2019 ya yanke wa Kalu shekara 12, aka wuce da shi gidan yari. Ranar 8 ga Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta ce tun ranar da Idris ya yi rantsuwar sabon muƙami ya daina zama alƙalin Babbar Kotun Tarayya, saboda haka ba shi da hurumin zama a wannan kujerar ko da minti ɗaya, ta rushe hukuncin ta ce a sake daga farko. Kalu ya fito daga Kuje a watan Yuni ya koma kujerarsa a Majalisar Dattawa.